Tsofaffin motocin gudu da na yanzu: me ya sa na da suka fi shiga rai?

Dan_Totur:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masoya ƙarfe. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, na ce yau dai bari in sauke shi nan ko a samu mai warware min. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa sai na hau kallon hotunan motoci, ina cikin latse-latse na ci karo da Jaguar E-Type ta 1961, wlh na fi minti goma a kan hoto ɗaya, dogon bonet ɗin nan kamar ba zai ƙare ba, fitilu a kwance cikin gilashi, baya a dunƙule, ba inda ido zai yi tuntuɓe tun daga hanci har salansa. Daga nan na koma kan sabbin Lamborghini da McLaren. Na san sun fi ta gudu nesa ba kusa ba, kai ko motar kai yara makaranta ta yanzu ma na san ta fi ta birki, amma raina bai motsa ba kamar yadda ya motsa a kan tsohuwar nan.

To tambayata biyu ce. Da gaske na da ɗin sun fi kyau, ko kuwa tsufa ne kawai yake yaudararmu? Sannan wannan tarihin tsere da kamfanoni suke ta cika mana kunne da shi, wai kakar motar nan ta ci tseren Le Mans na Faransa shekara kaza, yana ƙara wa mota wani abu na zahiri ne ko dai hanyar tsawwala kuɗi ce? Don na ga an sayar da Ferrari 250 GTO dala miliyan 48.4 a gwanjo a 2018, mota ba AC ba rediyo. Ni dai ban taɓa tuƙa ko ɗaya ba, ɗan kallo ne, saboda haka a yi min afuwa in na yi ɓaranɓarama.

Baba_Lagireto:

Wa alaikumus salam yaro. Ba ka yi ɓaranɓarama ba, kuma tambayoyinka biyun ai ɗaya ce, ba ka dai lura ba ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan E-Type da ta hana ka barci ba mai zanen ado ne ya zana ta ba, Malcolm Sayer ne, mutumin da ya fito daga kamfanin ƙera jiragen sama, aikinsa lissafin yadda iska take bin jikin abu. Kafin E-Type shi ya fitar da surar C-Type da D-Type, kuma D-Type ta ci tseren awa 24 na Le Mans sau uku a jere, 1955 da 1956 da 1957. Saboda haka santsin da kake gani ba don a burge ka aka yi shi ba, don a yanka iska a miƙaƙƙen titin Mulsanne na filin Le Mans aka yi, wanda a wancan zamanin kusan kilomita shida ne ba wata kwanar kirki, ƙafa a totur har ƙasa. Kyan daga baya ya biyo.

Ka ɗauki Mercedes 300 SL ta 1954, mai ƙofofin nan da suke buɗewa sama kamar fukafukan tsuntsu. Yau kowa ya gani sai ya ce kai ka ga gayu. Alhali dole ce ta sa. Ƙashin motar da siraran bututai aka saƙa shi, gadon motar tserensu ta 1952 wadda ta ci Le Mans ta kuma ci Carrera Panamericana a Meziko, kuma bututan sun taso sosai ta gefe har ba wurin yanka ƙofa irin ta kowa. Da aka rasa yadda za a yi sai aka maƙala ƙofar a rufi. Shiga ma aiki ne, sai an karya sitiyari ƙasa kafin ƙafarka ta wuce, gilashin gefe ba ya sauka, ciki zafi kamar tanda. Guda 1,400 kacal aka yi. Amma wa zai ce ba ta da kyau?

Ford GT40 kuwa sunanta ma awo ne, inci 40 daga ƙasa zuwa rufi, mita ɗaya da 'yan kai ke nan. Labarinta ka san shi ko? A 1963 Ford ya je sayen kamfanin Ferrari, magana ta yi nisa sai mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya fasa don ba zai saki ragamar ɓangaren tsere ba. Henry Ford na biyu ya fusata ya ce to a haɗu a Le Mans, inda Ferrari take ta lashewa tun 1960 har 1965. Shekara biyu Ford yana shan ƙasa, motocinsa ko ƙarasa tseren ba sa yi, sai a 1966 ya kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, ya kuma riƙe kambun har 1969. Direbansu Dan Gurney don tsabar tsawo kansa ba ya shiga, sai da aka bubbuga masa wani ƙullutu a rufin don hular kwanonsa ta samu wuri. Irin waɗannan abubuwa nake nufi, duk lungun da ka taɓa a jikin motar akwai dalilinsa kuma dalilin ana ganinsa da ido.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tseren Le Mans na 1969. A da yadda ake fara tseren, direbobi su jeru a tsallaken titi, a kaɗa tuta su sheƙa da gudu kowa ya faɗa motarsa ya tayar, da yawa ko bel ba sa tsayawa ɗaurawa. Jacky Ickx, direban GT40, ya ce shi ba zai yi wannan gangancin ba, ya taka a hankali kamar mai zuwa zance, ya zauna ya ɗaura bel ɗinsa tsaf, ya tashi a na ƙarshe. A zagayen farko John Woolfe ya yi hatsari da Porsche 917 ya rasu. Bayan awa 24 Ickx ne ya zo na ɗaya, tazarar kamar mita 120 tsakaninsa da Porsche ɗin Hans Herrmann. Shekarar da ta biyo aka soke wannan gudun. To in mutum ya tsaya gaban GT40 ba fenti kawai yake kallo ba.

Ita 250 GTO da ka ambata guda 36 ce a duniya, daga 1962 zuwa 1964, bodin da guduma aka buga shi a kan alminiyom har ba biyu da suka zo daidai da juna sak. Kuɗin ya yi hauka, ban musa ba. Kuma ba ita ce ƙarshe ba ma, a 2022 an sayar da Mercedes 300 SLR mai rufi, ɗaya daga cikin biyu da aka taɓa yi, yuro miliyan 135. Wannan kam ya tashi daga son mota ya koma ajiyar dukiya.

GT3_Kawai:

Baba da girmanka, Allah ya ƙara lafiya, amma yau sai na ɗan ja da kai kaɗan hhh. Duk abin da ka faɗa a kan na da, wai komai da dalilinsa, ai haka yake a na yanzu, ku ne dai ba kwa son kallonsu da idon rahama. Ka dubi Porsche 911 GT3 RS ta 2022, ƙaton fiffiken nan na baya da mutane suke cewa kamar teburin guga, shi da sauran ramukan jikinta suna danne motar ƙasa da nauyin kilo 860 in tana gudun kilomita 285 a awa, kuma fiffiken yana motsi da kansa irin na Formula 1. Ramukan kan bonet don fitar da zafin lagireto ne, na bayan tayar gaba don iska ta samu hanyar fita. Ina ado a nan? Injin lita 4 ne ba turbo, yana juyawa har 9,000 a minti, duk wanda ya ji kukansa a can sama ya ce motocin yanzu ba su da rai to a duba masa kunne.

Sannan maganar gadon tsere, ai yanzu ne ma ake cin moriyarsa. Giyar nan ta PDK mai kuloci biyu a motocin tseren Porsche 956 da 962 aka fara gwada ta a shekarun 1980, sai 2008 ta shigo 911 ta titi. Canza giya da yatsa a bayan sitiyari Ferrari ce ta kawo shi Formula 1 a 1989, ya sauko F355 a 1997. Bodin kabon McLaren ce ta fara da MP4/1 a 1981, a shekarar John Watson ya yi mummunan hatsari da ita a tseren Monza na Italiya motar ta rabu biyu shi kuwa ya fito da ƙafarsa. Shi kansa birkin faifai da ke motar kowa yau, Jaguar C-Type ce ta nuna wa duniya amfaninsa da ta ci Le Mans a 1953.

Kuma tarihin bai tsaya ba fa, ana kan rubuta shi. Ferrari ta yi shekara 58 ba ta ci Le Mans ba, ta dawo a 2023 da 499P, daidai cikar tseren shekara 100, ta lashe, ta sake a 2024 ta sake a 2025. Wannan motar mai haɗin fetur da lantarki ita ce jikokinmu za su zauna suna kallon hotonta da daddare suna cewa kai na da sun fi kyau.

Abu na ƙarshe, kar a manta waɗancan kyawawan motocin sun ci mutane. A Le Mans ɗin 1955 da D-Type ta ci, a ranar ne motar Pierre Levegh ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka mutu. Siraran ginshiƙan gilashi da ƙaramin hanci da kuke yabo, doka ce ta hana su yanzu saboda in mota ta kife ko ta buge mai tafiya a ƙasa a samu sauƙi. Fitilun nan masu ɗagowa kamar ido ma tun wajen 2004 aka daina, Corvette C5 da Lotus Esprit na cikin na ƙarshe. Ni ma ina kewarsu amma na fi son wuyana.

Mai_Bijimi:

Ni duk ban yarda da ku biyun ba. Kun ɗaure kyau da tsere kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To Lamborghini Miura fa? Wace gasa ta taɓa ci? Ferruccio Lamborghini mai ƙera tarakta ne kuma ƙiri-ƙiri ya ƙi yarda kamfaninsa ya shiga tsere, amma a 1966 ya fito da motar da har gobe in ana lissafin kyawawa ba a kai uku ba a ambace ta ba. Marcello Gandini yana ɗan shekara 27 ya zana ta. Gashin idon nan da ya zagaye fitilunta wane amfani yake wa gudu? In ka buɗe ƙofofin biyu ka tsaya ta gaba sai ka ga ƙahon bijimi, wannan ma lissafin iska ne? Ado ne tsantsa malam, kuma ya yi. Iskar ma ba ta yi mata daɗi ba, tankin mai a gaba yake, in ya fara ƙarewa ana tsananin gudu sai hancin ya riƙa ɗagawa.

Countach da ta gaje ta a 1974 ta fi ta rashin hankali, ba ka ganin komai ta baya, in za ka yi ribas sai ka ɗaga ƙofa ka zauna a bakin ƙofar kana leƙe ta kafaɗa. Amma hotonta ne ya cika bangon ɗakunan samari a duniya, ba na wadda ta ci kofi ba. Wani lokacin mutum ne kawai da fensirinsa ba wanda ya ce masa kar ka yi, shi ne abin da aka rasa yanzu, komai sai kwamiti ya zauna.

Baba_Lagireto:

Mai_Bijimi ka kawo magana, na karɓi rabi. Gashin ido kam ado ne. Amma ka binciki inda injin V12 ɗinta yake zaune, a bayan direba, a gicciye. Matasan injiniyoyin da suka yi ta, su Gian Paolo Dallara, motocin tsere irin GT40 suke kallo suna haɗiyar yawu, maigida ya hana su fili sai suka huce a kan motar titi. Shi Dallara ɗin daga baya ai kamfanin motocin tsere ya buɗe. Ka ga ko an kori tsere ta ƙofa sai ya shigo ta taga.

Bakanike_Sifana10:

Ku kuna ta maganar hoto da tarihi, bari ni in ba ku ta ƙarƙashin bonet. Na taɓa ɗaukar wata takwas ina tayar da wata tsohuwa mai kujera biyu ta shekarun 1960, ba zan faɗi kamfani ba kar a ce na ɓata suna. Kafireto uku gare ta a jere, kuma sai ukun sun ja iska daidai da juna in ba haka ba inji ya yi ta tari, ni kuwa ba na'ura, guntun tiyo nake sawa a kunne ina kai ɗaya bakin wajen kowane kafireto ina sauraren shuuu ɗin, in juya sukuru kwata in sake saurare, har sai muryoyin uku sun zama ɗaya. Ranar da ta daidaita, na taɓa totur ta amsa tun kafin in gama tunani, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma tuƙin fa? Sitiyarin katako siriri, a tsaye nauyi kamar kana murɗa dutsen niƙa, sai ta fara tafiya yake sakin jiki, daga nan kuma duk tsakuwar da taya ta taka sai ka ji ta a tafin hannunka. Giya ta ɗaya ba ta shiga sai ka tsaya cak, in ka yi gaggawa ta yi maka ƙara irin ta zagi. Zafin inji yana dukan ƙafarka ta dama, warin fetur da baƙin mai da tsohuwar fata duk a hancinka. Fitar gwaji ta farko na sauko wata gangara ina ta taka birki, kafin in kai ƙasa feda ta yi laushi ta tafi kamar na taka soso, da giya da birkin hannu da salati na tsayar da ita, na fito gwiwoyina suna rawa. Laifina ne, ban canza man birkin ba, ya tsufa ya sha ruwa ya tafasa.

To Dan_Totur amsarka a wajena ita ce, tsohuwa a gudun 80 ta riga ta jiƙa maka riga da gumi kana ji kamar kai ne Fangio, gwarzon direban tsere na da, sabuwa kuwa a 80 barci take, sai ka kai inda za a ƙwace maka lasin kafin ta farka. 911 ta farko ƙarfin doki 130 gare ta kuma nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba. Rimac Nevera ta lantarki doki 1,914, tana kai 100 cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, amma nauyinta ya haura tan biyu kuma kwamfuta ce take raba wa kowace taya ƙarfi. Gwanintar ta injiniya ce, ba taka ba. Ina girmama ta, amma in ta lalace ni da sifanata sai dai mu tsaya kallo.

Yar_Rotary:

Sannunku da ƙoƙari yayyena, kowa na ta kiran motocin da ko a mafarki sai an yi sa'a hhh. Ba wanda ya tuna Japan? A 1989 Mazda ta kalli ƙananan motocin Ingila irin Lotus Elan ta ce bari mu yi irin wannan amma wadda za ta tashi kullum da safe, aka samu MX-5, inji lita 1.6, nauyi bai kai tan ɗaya ba, fitilu masu ɗagowa, rufin da za ki janye da hannu ɗaya kina zaune. A 2016 suka cika miliyan ɗaya. Duk abin da Bakanike ya lissafa na daɗi akwai shi a ciki, ban da tafasar birki.

In kuma kofi ake nema, Mazda 787B ta ci Le Mans a 1991 da injin rotary wanda ba fistin a cikinsa sam, karo na farko da motar Japan ta ci, fentinta lemo da kore kamar an yi wa yaro ɗinkin gaggawa amma ku nemi sautinta ku saurara, ihu take kamar ana yanka ƙarfe. Johnny Herbert da ya ƙarasa tuƙin ko mumbarin karɓar kofi bai iya hawa ba, ya galabaita sai ɗaukarsa aka yi. Ga Nissan Skyline GT-R R32 da ta shiga tsere 29 a gasar Japan ta ci 29.

GT3_Kawai:

Yar_Rotary kin gama magana. Amma tunda an zo nan, tsakanin tsoho da sabo ai akwai McLaren F1 ta 1992, direba a tsakiya fasinja biyu a gefe, giyar hannu, ba ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, injin BMW V12, an lulluɓe ɗakin injin da zinare na gaske saboda zafi, ta yi 386 a awa, kuma zuwanta Le Mans na farko a 1995 ta lashe alhali ba don tsere aka ƙera ta ba. Baba ko ita ma ta yi maka yarinta?

Baba_Lagireto:

Wannan kam ko ni na sallama. Ita da Ferrari F40 ta 1987, ta ƙarshe da Enzo ya sa wa albarka kafin ya rasu a 1988, wadda da igiya ake jan ƙofarta ta ciki. Daga nan ne kwamfuta ta fara karɓe sitiyari.

Dan_Totur:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na shigo da tambaya biyu na fita da aikin gida, yanzu haka sautin 787B ne a kunnena kuma maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko injin markaɗe na sayo. Bakanike don Allah ka dawo ka yi mana bayanin wannan dabarar tiyo a kunne dalla-dalla, kuma motar da ka ƙi faɗin sunanta, silinda shida ce a jere ko? Don kafireto ukun nan sun sa ina zargin wata.

Bakanike_Sifana10:

Shida ce. Iya abin da za ka samu ke nan hhh